Gwangwanin tarar baƙin mai yana yoyo ta gindi tun da sanyi ya shigo, ya kuke yi da naku?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ta fi shafar waɗanda ke zaune inda ruwa ke daskarewa a waje, amma duk mai ilimin injin ya sa baki don Allah.

Ina Winnipeg ne, a lardin Manitoba na Kanada. Motata ta hannu ce, mai silinda 4 da turbo, irin injinan nan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Lokacin zafi na ɗaura mata gwangwanin tarar mai a kan tiyon numfashin injin, tsakanin bawul ɗin PCV (mai fitar da tururin da ke taruwa cikin injin) da manifol (bututun da ke raba wa silinda iska). Dalilina shi ne a irin wannan injin fetur ba ya bi ta kan bawulolin shigar iska balle ya wanke su, sai tururin mai ya riƙa ƙonewa a kansu yana taruwa ya zama gawayi. Gwangwanin na alminiyum ne, ba shi da wani suna, a intanet na saya. A gindinsa akwai ɗan famfon tagulla mai ƙwallo a ciki, irin wanda ake murɗa hannunsa kwata, sai guntun tiyo da ya sauka ƙasa don tsiyayewa. Na ɗaure shi a bayan fitilar gaba ta hagu, don nan ne kaɗai akwai fili.

Duk tsawon lokacin zafi lafiya lau. In na buɗe famfon bayan wata guda, abin da zai fito bai wuce cokali biyu ko uku na baƙin mai ba. Da Disamba ta kama sai labari ya sha bamban. Yanzu abin da ke fitowa wani abu ne ruwan ɗorawa mai kauri kamar kindirmon da ya kwana, yana warin fetur, a ƙarƙashinsa kuma ruwa tsagwaro. Cikin mako guda gwangwanin ya kan kai rabi.

Ga abin da ya ɗaure min kai. A gida a waje motar take kwana, jone da wayar hitar injin kamar ta kowa a garin nan, sanyi kuma a 'yan kwanakin nan yana kaiwa digiri 28 zuwa 30 ƙasa da sifili da dare. Da safe in na duƙa na leƙa, ƙasa a bushe take, ko ɗigo babu. A wurin aiki kuwa muna da wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa mai ɗumi. In na fito da yamma sai in tarar da tabo faɗin tafin hannu daidai saitin gwangwanin. Mai kula da wurin har ya fara saƙala min takarda a gilashi. Na shafa da yatsa, danshin yana fitowa ne daga inda famfon ya shiga jikin gwangwani da kuma wuyan hannunsa. Na ƙara ɗaurewa da sifana, ya ɗan lafa, ya dawo. A makon nan kuma wutar injin ta kama a dashbod, na'ura ta nuna lambar matsala P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa, silo yana ɗan rawa.

Tafiyata gajeriya ce, daga gida zuwa aiki ba na cika minti goma. Ina dai tayar da ita da rimot tun ina shan shayi don ciki ya yi ɗumi.

To me kuke gani? In cire famfon in sa toshiyar ƙarfe in shafe da gam in huta? Ko in nannaɗe gwangwanin da abin riƙe ɗumi? Wani abokin aikina ya ce in jona tiyon ƙasan ya koma cikin kaskon mai kawai, shi ke nan babu tsiyaya babu yoyo. Na gode.

Oga Panteka:

Wa alaikumus salam Ɗan Fagge. Ni dai a Kaduna nake, sanyinmu iyakarsa ya fasa maka leɓe da diddige, ko Jos ba ta daskarar da ruwa a cikin bonet. Saboda haka maganar ƙanƙara na bar wa masu ita.

Amma kafin komai, in ka ga mai ya koma wannan launi, fara duba ruwan lagireto. In yana raguwa, ko gejin mai ya nuna man ya hau sama da inda ka bar shi kuma launinsa ya canza, to gasket ɗin tof silinda ne, ba ruwan gwangwani. In ruwa yana nan daram kuma man da ke jikin geji baƙi ne ko ruwan zuma yadda ya saba, to ka kwantar da hankalinka ta wannan ɓangaren.

Muna ganin irin wannan a motocin Kwatano sababbin sauka, musamman masu 'yar wayar wuta tana reto a gaban giril. Ka buɗe murfin mai ka ga ɗorawar nan a manne, yara su ce oga gasket ya ƙone. Sai in ce a canza mai a ba ta hanyar Zariya ta je ta dawo tukuna. Sau da yawa shi ke nan.

Famfon kuwa, ni da ni ne noti zan nema daidai ramin, in sa masa wasa, in shafa gam in ɗaure. Abin da ba shi da ƙofa ba ya yoyo.

Baban Alberta:

Salam. Ƙanena Ɗan Fagge, sannu da sanyi. Ni a Edmonton nake, nan Kanada, manyan motocin dizal nake gyarawa, kuma wannan matsalar duk hunturu sai ta zo mana gareji ta fuska daban-daban.

Oga Panteka ya yi gaskiya kan duba lagireto, ka yi hakan. Amma maganar noti da gam, Oga ka yi haƙuri, a nan ƙasar gyaran gangar Auzinawa ne. Bari in faɗi dalili.

Ruwan da kake gani injinka ne ke haifar da shi. Duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana fitar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawa ta salansa yake fita, shi ne farin hayaƙin da ke bin kowace mota a titi da safe. Kaɗan daga ciki yana sulalewa ta gefen ringin fistin ya faɗa cikin injin, musamman yana da sanyi, ringi bai gama kama jikin silinda ba, kwamfuta kuma tana ƙara fetur. PCV ya zuƙo wannan tururi ya bi da shi ta gwangwaninka. Kai kuma ka ɗaure gwangwanin a bayan fitila, inda iskar digiri 30 ƙasa da sifili ke dukan alminiyum kai tsaye. Tururi na taɓa bangonsa zai koma ruwa nan take. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, wato daidai kan famfonka.

Da dare ya daskare. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ba ya neman izinin tagulla. Irin famfon nan mai ƙwallo yana da ɗan sarari tsakanin ƙwallon da jikinsa, in ka rufe shi ruwa na maƙalewa a nan, ba hanyar fita. Shi ya sa yake tsagewa ta gefe, tsaga siririya wadda sai da tocila za ka gani. Da safe ba ka ganin ɗigo saboda ƙanƙarar da ta fasa shi ita ce kuma ta toshe tsagar. Ka shiga wuri mai ɗumi, ta narke, ta zubo. P0171 ɗin ma daga nan yake: injin na silo manifol yana zuƙa, tsagar sai ta riƙa shigar da iskar da kwamfuta ba ta auna ba. Injin na aiki tana shan iska, ka kashe ta fara ɗiga.

Yanzu in ka sa noti ka shafe da gam, yoyon zai tsaya, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ruwan zai ci gaba da taruwa, kai kuma ka wahalar wa kanka da hanyar zubar da shi. Ranar da ƙanƙara ta taso ta kai bakin tiyon shiga, ko ta toshe ragar tacewa da ke cikin gwangwanin, injin ya rasa ta inda zai yi numfashi. Iskar nan dole ta fita. Za ta turo geji waje, ko ta fasa gasket ɗin murfin bawul, ko ta ture sil ɗin kiranshaf. In sil ɗin bayan injin ne ya tafi, sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi. Na taɓa karɓar motar da ta zubar da kusan duk manta a kan babbar hanya ta wannan dalili, direban bai ankara ba sai da wutar mai ta kama. In man ya sauka kan turbo mai zafi kuma, ana maganar gobara ne. Ɗan tabon da ke ba ka haushi a wurin aiki shi ne mafi arha a cikin abubuwan da za su iya faruwa.

Ko ƙananan jiragen sama masu farfela suna da wannan damuwar. Bututun numfashin injinsu ana yi masa ɗan rami a can sama, inda yake da ɗumi, don in bakinsa na ƙasa ya daskare iska ta sami wata mafitar kada ta ture sil ɗin gaba.

Abin da zan ce ka yi: ka tsiyaye gwangwanin da yamma kana isowa gida, injin na da zafi, kowace rana in sanyi ya yi tsanani. Kada ka bari sai da safe, lokacin ya zama dutse, in ka tilasta hannun famfon ma karyewa zai yi. Gwangwanin da ya kwana babu ruwa ba abin da zai fasa shi. Sannan ka ɗauke shi daga bayan fitilar nan, ka mayar da shi can baya kusa da jikin injin inda zafi ke taruwa, amma ba manne da turbo ba. Tiyo ya zama gajere, kuma kada ya yi lanƙwasa ƙasa a tsakiya, don duk inda ya yi kwari nan ruwa zai kwanta ya toshe. Guntun tiyon tsiyayar ma yana riƙe ruwa, ka cire shi gaba ɗaya in hannunka zai iya kai kofi ƙarƙashi.

Rimot ɗin nan kuma ka rage. Injin da ke silo a wannan sanyi ruwa yake ta tarawa, man ba ya zafin kirki. Allurar zafi da kake gani a dashbod ta ruwan lagireto ce, mai yana biyo baya da nisa, kuma sai ya daɗe a sama da digiri 80 kafin ruwan da ke cikinsa ya fara ƙonewa. Hitar da kake jonawa ruwan injin take ɗumamawa, ba ta san da zaman gwangwaninka ba. Ku da kuke da Perimeter Highway da ta zagaye gari, kusan kilomita 90, ko rabinta ka yi sau ɗaya a mako ya wadatar.

Uwar 'Yan Biyu:

Ni fa Malam Ɗan Fagge ban ga abin wahalar da kai ba. A Minneapolis ta Amurka nake, sanyinmu ƙanin naku ne. Motata ma tana da irin gwangwanin, mai ita na farko ya sa. Hunturun farko na yi ta fama da tsiyaya kullum da safar hannu, ga yara a baya suna kuka, ga yatsu sun ƙage. Daga baya na nemo tiyon asali na kamfani. Nuwamba na yi sai in cire gwangwanin in mayar da tiyon, Afrilu in mayar da gwangwani. Kilif biyu ne, ko minti goma ba ya ci.

Gawayin da kake gudu shekaru yake ɗauka kafin ya taru, kuma ana iya wanke shi. Wata biyar babu gwangwani ba zai kashe injin ba. Tiyon kamfani gajere ne, a manne da injin, tururin na wucewa da zafinsa ya ƙone a silinda ba tare da ya sami inda zai huce ba. Baban Alberta, ko na yi kuskure?

Abin da ka tsiyaye kuma kada ka zuba a ƙasa ko a magudana, akwai fetur da mai a ciki. Ka tara a jarka mai murfi.

Bazazzagi a Jamus:

Hajiya ba ki yi kuskure ba, shawararki ita ce mafi sauƙi. Amma tunda ya tambayi maganar mayar da tiyo cikin kaskon mai, bari in taɓa wannan, don ba wanda ya amsa.

Mayar da mai cikin injin ba baƙon abu ba ne, kamfanoni da kansu suna yi. Misalin da kowa ya sani a nan shi ne injin M54 na BMW, mai silinda 6 a jere, wanda aka yi daga 2000 zuwa 2006, yana cikin motocinsu samfurin E46 da E39 da X5 na farko. Abin raba mai da iskarsa yana ƙarƙashin manifol, tiyonsa na ƙasa kuma yana sauka ya shiga bututun geji, man ya koma kasko. A ƙasashe masu tsananin sanyi, ga masu gajeriyar tafiya, ɗorawar nan kan daskare a ciki. In ta toshe a rufe, gasket ɗin murfi ya fashe. In bawul ɗin ya maƙale a buɗe, manifol ya zuƙo mai daga kasko ta wannan tiyon ya ɗura wa silinda, mai kuwa ba ya matsuwa, sai injin ya ƙulle. Kamfanin ya fitar da samfurin ƙasashen sanyi, wanda aka sa wa na'urar da tiyoyinta rigar soso, aka kuma sauya bututun gejin don hanyar komawar man ta ƙara faɗi. Wato su ma maganinsu ɗumi ne da faɗin hanya.

To kai naka gwangwanin a wuri mai sanyi yake, abin da yake tarawa yawancinsa ruwa ne da fetur. In ka jona shi da kasko, wannan ƙazantar za ka riƙa mayar wa beyarin. Kuma gwangwaninka yana ɓangaren zuƙar manifol, in babu bawul mai hana komowa a kan tiyon, abin da ya sami M54 zai iya samunka. Masu mayar da mai lafiya su ne irin waɗanda ruwan lagireto ke zagayawa ta jikinsu, masu Subaru suna yawan sa su. Waɗannan ba sa barin tururi ya huce balle ya zama ruwa. Suna da tsada, amma aikinsu daban ne.

Abu na biyu, ka duba zoben roba. Masu sayar da gwangwani suna alfahari da zoben robar da ake kira Viton saboda yana jure zafi da fetur, kuma gaskiya ne. Sai dai Viton na yau da kullum yana fara sandarewa tun daga wajen digiri 15 zuwa 20 ƙasa da sifili, ya daina bin jikin ƙarfe. Naitiril, baƙar robar nan mai arha, ya fi shi haƙurin sanyi, yana kaiwa wajen 30. Silikon zalla kada ka sa, yana jure sanyi amma fetur na kumbura shi. Wanda ya haɗa biyun shi ne fulorosilikon, yawanci shuɗi ne, in ka samu girman naka.

Ramin famfon kuma ka gane irinsa kafin ka sake ɗaurewa. In zarensa mai tsukewa ne, wato yana ƙara tauri kana shiga, farin tef zagaye biyu ko uku ya isa, ka bar zaren farko a buɗe don kada yagaggen tef ya faɗa ciki. Ka ɗaure da hannu, ka ƙara zagaye ɗaya ko biyu da sifana, ka tsaya. Gindin alminiyum ba ya son ƙarfi, yana iya tsagewa. In kuwa zaren miƙaƙƙe ne, zobe ko wasa ne ke riƙe mai, tef ba zai yi maka komai ba.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka da alheri, kowa da kowa. Oga Panteka, ruwan lagireto yana kan layinsa, man jikin geji ma lafiyarsa lau, alhamdu lillahi.

Na kwance gwangwanin jiya na shigo da shi ɗaki, na sa a roba ya narke. Baba, kamar kana wurin. Na wanke famfon na haska tocilar waya, ga tsaga nan a tsaye a gefensa, siririya, daga wuyan hannu zuwa kusa da zare. Da na hura da baki na toshe ɗaya ɓangaren, kumfa ta fito ta nan. Ragar ƙarfen da ke cikin gwangwanin kuwa a cushe take da ɗorawar nan, na ɗaga ta saitin fitila haske da ƙyar yake ratsawa. Zoben gindin ma ya baje, ya yi gefe huɗu maimakon zagaye. Tiyon shiga da na matsa sai da wani guntun ƙanƙara mai tsawon yatsa ya faɗo, daidai inda ya lanƙwasa a ƙarƙashin akwatin iska.

A yanzu dai na bi shawarar Hajiya. Tiyon asali yana cikin but tun ranar da na cire shi, na mayar, na goge lambar, silo ya daidaita. Jarkar kuma zan kai wurin karɓar tsohon mai da ke Brady Road ranar Asabar.

Amma ni mai taurin kai ne kan gawayin nan, ina so baɗi in bar gwangwanin duk shekara. Na ga ana sayar da ɗan faifan ɗumi na 12V da ake mannawa a jikin ƙarfe. In na mayar da gwangwanin baya, na manna masa wannan, na rufe da soso, zai yi? Kuma ta yaya zan tabbatar ban riga na yi wa wani sil illa ba?

Baban Alberta:

Zai taimaka, muna sa irinsa a na manyan motoci. Ka ba shi fiyus nasa, ka jona ta rile yadda sai an kunna mota zai kama, in ba haka ba batir zai kwana a mace. A gindi za ka manna, nan ruwa yake. Soso shi kaɗai ba ya haifar da zafi, jinkirta hucewa kawai yake yi, motar da ta kwana a waje komai nata zai yi sanyi ɗaya da gari. Kuma faifan ba ya kai wa tiyo, su ma a sa musu riga. Duk da haka tsiyayar yamma tana nan, ba ta faɗi ba. Famfo mai ƙwallo kada ka sake saya. Nemi gwangwanin da kofinsa na ƙasa ke kwancewa gaba ɗaya, ka juye ka goge ka mayar.

Batun sil, ka wanke ƙasan injin, ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ta kwana. Ka duba gefen murfin bawul, bayan fulin gaba, da mahaɗar injin da giyabos, nan ne na baya ke nuna kansa. Sannan injin na da zafi yana silo, ka cire murfin mai ka ɗaura safar hannu ta roba a bakin. In ta ɗan shige ciki ko ta tsaya tana kaɗawa, numfashi na tafiya daidai. In ta fara kumbura, akwai sauran toshiya, ka duba bawul ɗin PCV kansa da tiyo na biyu mai zuwa gaban turbo. Man da ke ciki ma kada ka jira kilomitocin da littafi ya ce, da irin tafiyarka ka canza shi kafin ƙarshen Fabrairu.